Ranar da Na Kai Injin Jarrabawa Ƙara Gaban Alƙali

Bari in faɗa tun da wuri, kada mai karatu ya wahalar da kansa wajen neman wawan labarin nan: ni ne. Ba yaron ba ne, ba ma'aikatan gwamnati ba ne, ba kuma injin ba ne, ko da yake har yau ban gama yafe masa ba. Na manta abubuwa da yawa a duniya, har da inda na ajiye tabarau ɗazu, amma wannan al'amari zai raka ni har kabari.

Ni dillalin hatsi ne a kasuwar Daura. Boko na taɓa shi, na kai aji huɗu na firamare kafin mahaifina ya ga gona ta fi makaranta buƙatata. Wannan aji huɗun shi ya cuce ni. Da ban shiga ko aji ɗaya ba, da na riƙa tambaya. Da na gama kuma, da na sani. Sai na tsaya a tsakiya, ina iya haɗa baƙin kanun jarida, ina jin rediyo safe da yamma, kuma duk ranar da babu ciniki nakan je in zauna a bencin baya na kotu in kalli shari'a, kamar yadda wasu ke zuwa kallon dambe. A majalisarmu ta ƙofar gida Lauya suke ce mini. Na daɗe ƙwarai kafin in gane ba yabo ba ne.

Abin ya faru a shekarun farko da aka ƙaddamar da Shari'a a jiharmu. Lokacin kowa ya zama malami, har mai faci sai ya ja maka aya kafin ya duba tayarka. Ɗana na fari ya gama difloma a Katsina ya dawo gida ba aiki, sai dai ya taya ni awo ranar kasuwa. Yaro ne mai shiru, irin wanda in ka ce masa rana ta fito daga yamma zai ce to, Baba, ya je ya duba shi kaɗai. Sai aka yi shela gwamnati za ta ɗauki ma'aikata, amma sai an yi jarrabawa. A zuriyarmu kaf babu wanda ya taɓa karɓar albashi. Yaron ya shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar gidanmu ya duƙufa karatu, uwarsa kuwa ta hana kowa daka a tsakar gida.

Ranar jarrabawa da safe ya zo gaishe ni, na ce ya yi mini bayanin yadda ake yi. Ya ce yanzu ba a rubuta amsa da dogon bayani. Takarda ce guda mai ƙananan zagaye a jere, ka zaɓi wanda kake ganin shi ne daidai ka cike shi da fensir, sannan a zura takardar cikin inji ya duba.

Na ce, "To a ina ake rubuta Bisimilla?"

Ya ce, "Babu wurinta, Baba. A baki ake yi. An ma gargaɗe mu kada a rubuta komai a gefen takardar."

"Wa ya yi gargaɗin?"

"Masu jarrabawar."

"Su suka haife ka?"

Sai na gyara zama, don na samu wurin yin wa'azi. Na tuna masa ni ko buhun gero zan yi wa shaida sai na fara da sunan Allah, balle takardar da za ta zama abincinsa. Ya sake buɗe baki zai yi magana, sai na jefa masa kalmar da iyaye muke ajiyewa don ranar da hujja ta ƙare mana. Na ce, "In dai na isa da kai, ka rubuta ta a sama kafin ka taɓa komai." Uwarsa tana bakin murhu ta ɗago ta dube ni. Yaron ya ce to. Kuma ya rubuta, ƙanana ƙanana, can a saman takardar inda yake ganin ba za ta dami kowa ba.

Da aka liƙa sakamako, sunansa bai fito cikin waɗanda suka ci ba, bai kuma fito cikin waɗanda suka faɗi ba. Yana wani jeri na daban, na waɗanda aka soke takardunsu. Wasu sun cike da biro maimakon fensir, wasu sun kuskure lambarsu, shi kuma an ce ya yi rubutu inda aka hana. A ƙasa an ƙara da cewa duk wanda ke wannan jeri zai iya zuwa Katsina ya rubuta takardar neman afuwa, wani kwamiti zai zauna ya duba amsarsa da hannu kafin ƙarshen wata.

Yaron ya ce gobe zai hau mota. Na ce ba inda za shi. Afuwa a kan me? Wanda ya nemi afuwa ai ya yarda ya yi laifi, na sha jin wannan a kotu. Da yamma na kai maganar majalisa, na ce a zamanin Shari'a, a garin Daura, an kori ɗan Musulmi daga jarrabawa saboda Bisimilla. Wurin ya kaure. Wani ya ce in na bar wannan magana ba ni da amsar da zan bayar ranar lahira. Wani ya ce, "Lauya, yau ranarka ce." Mutum ɗaya kawai ya ja ni gefe, maƙwabcina ɗan Ibo mai sayar da kayan gyaran mashin, wanda ya girmi wasu 'ya'yana a zaman unguwar.

Ya ce, "Baba, ni Kirista ne, ba zan sa baki a maganar addini ba. Amma ofis na san shi. Ka bar yaro ya je ya ba su haƙuri."

Na ce, "Kai tsaya a kan fulogi, ka bar shari'a ga masu ita."

Washegari na je kotun Shari'a na shigar da ƙara. Magatakarda ya tambaye ni wa nake ƙara, na ce hukumar jarrabawa da injinta. Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau, ya ce injin ba za a iya kai masa sammaci ba, kuma anya wannan kotu tana da hurumin maganar? Na ce shi dai ya rubuta. Ya rubuta.

Ranar zama kotu ta cika, don rabin majalisarmu sun bi ni. Yaron yana gefena, kansa a ƙasa. Alƙali dattijo ne mai sanyin murya. Ya ce in yi bayani, na miƙe na fara daga tarihin zuwan Musulunci ƙasar Hausa. Ya ɗaga hannu.

"Malam, wa ya zauna jarrabawar?"

"Yaron nan, Allah ya gafarta Malam."

"Wane yaro?"

"Na wajena."

"Ba shi da suna?"

"Allah ya gafarta Malam, ɗan fari ne."

Aka fashe da dariya har da ɗan sandan bakin ƙofa. Alƙali ya ce, "Ka iya kawo gwamnati ƙara, amma kana jin kunyar faɗin sunan ɗanka." Magatakarda ne ya karanto sunan, ni kuwa na dubi silin kamar ban ji ba.

Sai aka kira wakilin hukumar. Na kwana ina shirya wa wani mai kwat da nektayal, wanda zan tambaye shi raka'o'in sallar Asuba a gaban jama'a. Wanda ya miƙe mutum ne mai farar jamfa, gemunsa ya ninka nawa, kuma na gane shi nan take, don shi ya ja mu sallar Azahar a masallacin kotun. Ya yi sallama, ya yi Bisimilla a fili, sannan ya ɗaga wata takarda irin ta jarrabawar wadda ba a cike ba. Ya nuna wasu baƙaƙen layuka a samanta ya ce waɗannan su injin ke bi ya gane inda amsa take. In aka yi wani rubutu a wurin, sai ya turo takardar waje.

Ya ce, "Ba ya jin Larabci, ba ya jin Turanci. Ko ɗigon miya ne ya faɗa wurin, haka zai yi."

Na miƙe na ce ban yarda ba, kamar yadda nake jin lauyoyi suna yi. Alƙali ya ce ba a tambaye ni ba, in zauna. Aka sake fashewa da dariya. Sannan ya juya ga wakilin ya ce, bayan an gama dubawa ina ake kai takardun? Wakilin ya ce ana ɗaure su a zuba a buhu a kai ɗakin ajiya, in sun daɗe a fitar da su.

Alƙali ya dube ni. "Malam, ka taɓa sayen ƙosai aka naɗe maka a takarda mai rubutu?"

Na ce na taɓa.

"To kai ka san inda wannan takarda za ta ƙare, da ka sa aka rubuta sunan Allah a kanta?"

Na nemi 'yan majalisarmu da ido ko wani zai kawo ɗauki. Wanda ya yi mini maganar lahira yana ta gyaran hularsa. Alƙali ya ce ko ba don wannan ba, kotunsa ba ta da hurumin abin da ya shafi ɗaukar ma'aikata, ya kori ƙarar.

Da a nan na tsaya, da labarin ya zama abin dariya kawai, da ni ma ina ba da shi ina ƙyaƙyatawa. A bakin ƙofar kotu wakilin ya biyo ni, ya kama hannuna ya rage murya. Ya ce, "Baba, kwamitin bai tashi ba tukuna. Ka turo shi jibi da takardar neman afuwa, za a duba amsarsa da hannu. Amma in ka ɗaukaka ƙara, maganar ta koma hannun kotu, ba wanda zai iya taɓa takardarsa sai an yanke hukunci." Yaron yana bayana, ya ji komai. A karo na farko a rayuwarsa ya kama gefen rigata ya ce, "Baba, don Allah."

Amma jama'a suna tsaye suna kallo, an kuma yi mini dariya sau biyu a wuni ɗaya. Na zare hannuna, na ɗaga murya yadda har masu sayar da rake a tsallaken titi za su ji, na ce zan ɗaukaka ƙara, sai na ga abin da zai ture gaskiya. Wani daga can bayan taron ya yi kabbara. Wannan kabbarar ta yi mini daɗi ƙwarai, ban taɓa sayen abu mai tsada irinta ba.

Kotun gaba ta sa mana rana bayan damina. Kafin nan kwamiti ya zauna ya tashi. Waɗanda suka je suka ba da haƙuri aka duba nasu, wasu suka samu aiki, har da wani yaro daga Dutsi da ya cike tasa da jan biro. Da ranarmu ta zo, ban gama gyara zama a benci ba aka maimaita abin da alƙalin farko ya faɗa. A wannan karon ba ɗan majalisa ko ɗaya da ya raka ni, duk sun tafi girbi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne har yau babu wanda ya san ko yaron ya ci jarrabawar. Ba a taɓa duba takardarsa ba. Bai yi mini ƙorafi ba ko sau ɗaya. Ya karɓi mashin a hannun maƙwabcin nan namu ya shiga acaɓa, yana kai mutane tasha da kasuwa, wani lokaci har ya ɗauki abokan karatunsa ya sauke su a ƙofar ofis. Sai bayan wasu shekaru ya samu koyarwa a wata firamare.

Yanzu in samari sun zo neman shawara, don har yau akwai masu ce mini Lauya, nakan gaya musu abu ɗaya: in ɗanka ya fi ka sanin abu, isarka da shi ba ta ƙara maka sani, bakinsa kawai take rufewa. Amma kada a ɗauka nan take na gane haka. A lokacin wata mafaka na nema, na kuma same ta a inda irina suka saba samu.

Wata rana bayan Magariba ya dawo daga acaɓa, idanunsa sun yi ja, ya gaishe ni ya wuce ɗaki ko ruwa bai sha ba. Ina zaune a tabarma, uwarsa tana kwashe tuwo. Abin ya yi mini nauyi, sai na yi gyaran murya irin ta malamai na ce mata kowane bawa da abin da aka rubuta masa, aikin nan dama ba rabonsa ba ne, ƙaddara ce, sai haƙuri.

Ba ta ko ɗago ba. Ta ajiye mini kwano a gabana ta ce, "Malam, wannan ƙaddarar da kake faɗa na san ta sarai. Shekara talatin ina tuƙa mata tuwo. Ga ta nan zaune a tabarma tana jiran miya."