Sahada Rauf, Wadda Ta Riƙe wa Matan Bawku Wuri

Tun masu koko ba su gama hura wuta ba a Salaga za ka hango Sahada Rauf tana tafe a hankali, gefen zanenta na shan raɓa, ta nufi ofishin ƙungiyar mata masu sana'ar kaɗe. Takan buɗe tagogi, ta kunna kwamfuta, ta zauna tana kallon hazon damina yana tashi daga kan rufin gari. Ta daɗe tana wannan aiki a haka. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, shi ya sa na ga ya dace a faɗi abin da idanu suka gani.

Ƙungiyar rassa uku gare ta: Salaga, Yendi da Bawku, kowanne da tsohuwar manhajarsa. Da masu sayen kaɗe suka ce ba za su ƙara karɓar kayan wadda ba ta cikin rumbun bayanai guda ba, sai aka ɗora wa Sahada kwashe komai zuwa sabuwar manhaja kafin kaɗanya ta soma zubar da 'ya'ya.

Ba ta yi garaje ba. Sai da ta adana kwafin komai, sannan ta zauna da ma'aikatan kowane reshe suna bin bayanan gurbi-gurbi: wannan na tsohuwar manhaja, ina zai sauka a sabuwa? A Yendi ta tarar da mace ɗaya mai suna uku, Abibata, Habiba, Abiba. A Salaga kuwa mata biyu ne da suna ɗaya, na'ura na neman haɗe su. A mota tsakanin garuruwan takan jingina da taga, kunyoyin doya na wucewa, gyangyaɗi na ɗibarta, sai ta riƙa ganin sunayen sun zama mata a jere, kwarya a ka, kowacce na jiran a kira ta.

Ranar gwaji ne ta lura matan Bawku sun ragu. Ashe sabuwar manhaja ta zubar da duk wadda ta jima ba ta kawo kaya ba.

Malam Garuba, manajan ƙungiyar, ya ce, "Madam Sahada, haka aka tsara ta, lokaci kuma ya ƙure. Mu wuce, ma gyara daga baya."

Ta ce, "Malam, matan nan ba sana'a suka bari ba. Gari ne ya rikice suka fita da 'ya'yansu. In muka sauke su yau, ran da suka dawo baƙi ne, sai sabuwar rajista, kakar bana kuma ta wuce su."

Ya shafa gemu. "To, ranar da muka sa fa?"

"A ɗaga. Ni zan yi wa masu saye bayani."

Haka aka yi, ko da yake ta sha faɗa a waya. Ta sa aka buɗe wa matan gurbi na masu tafiya. Ta bi sawunsu ta bakin 'yan uwa, har Binduri da Bolga, ta tabbatar da wadda ke raye da wadda Allah Ya yi wa rasuwa. Aka sake gwaji, lissafi ya cika. Ko bayan an koma sabuwar manhajar, ba ta yarda an kashe tsohuwar ba sai da ta ga sabuwar ta zauna daram.

Suhaila, mai awo a reshen Yendi, ita ta ba ni sauran labarin. Wata safiya wata tsohuwa, Mma Fulera, ta sauke buhu a bakin sikeli, ta tsaya a rakuɓe.

"Mma, sunanki?"

"Ɗiyata, kar ki wahala. Ni ta Bawku ce, na daɗe ban zo ba. Na dai ce in gwada."

Da ta faɗi sunan, Suhaila ta danna shi a kwamfuta. "Ga ki nan, Mma. Har da shekarar da kika shiga."

Tsohuwar ta dafa buhun, ta daɗe tana kallon allon da ba ta iya karantawa. Can ta ce, "Wa ya riƙe min wuri?"

Ke ce, Sahada. Ke ce kika tsaya wa waɗanda ba sa nan balle su tsaya wa kansu. Mai haƙuri, mai dafa dutse. Uwar amana ta Salaga. Aikinki irin wanda in ya yi kyau ba mai lura ne, sai in ya ɓaci a nemi mai shi.

Mun gode, Allah Ya sa ki huta lafiya. Ku kuma da za a damƙa wa irin wannan aiki gobe, kafin ku share layi ɗaya, ku tambayi ina mai shi ta tafi. Mma Fulera har yau ba ta taɓa ganin fuskar Sahada ba, amma Suhaila ta ce duk zuwanta sai ta bar sallahu: a gai da yarinyar nan ta Salaga.