Shawarar da Ta Kwantar da Ni

Assalamu alaikum. Masu tambaya ko na bar duniya, ban bari ba tukuna. Jinya na yi, kuma yau zan faɗi yadda aka yi, ko wa zai ji haushi.

Kasala ce ta fara. In na tsaya gaban allo a aji, sai ƙafafuna su nemi kujera. Daga nan ƙanshin miya ya koma tayar min da zuciya, fitsari ya yi ja kamar shayi.

Ban damu ba, don ba a daɗe da gwada ni ba.

Akwai wani ɗan kawuna, bari in kira shi Honarabul. Ya fara da shagon magani a Gwarzo, ya zama kansila mai kula da lafiya, yanzu kuma muƙaminsa mai ba da shawara kan harkar lafiya. Gabanin zaɓe ya kafa rumfa a unguwarmu, aka yi shelar gwajin hanta da suga kyauta. Muka yi layi, aka ɗebi jininmu, aka ɗauke mu hoto. Kafin in gyara mayafina wani saurayi ya ce, "Hajiya, lafiyarki lau."

Da idona ya koma ruwan ƙwai, Inna ta zo daga Kutama, ta ɗaga haɓata ta duba.

"Shawara ce. Ba a yi wa shawara allura, jiƙo ake sha."

Na sha. Na ce tunda an gwada hantata an ce lau, ai wannan ƙaramin abu ne. Jiƙo ɗaci kamar maɗaci, safe da yamma, ido na ƙara rawaya, jiki na ƙaiƙayi har na yi wa kaina rauni.

Ranar da na kira 'yata da sunan ƙanwata da ta rasu, maigidana bai yi shawara da kowa ba. Mota ya samo, sai Kano.

Gwaji, hoton ciki, ƙarin ruwa. Kowace safiya a zo a ɗebi jini, har jijiya ta ƙi fitowa a hannu aka koma bayan tafi. Kuɗin gwaji kaɗai ya cinye tumakina. Na ji tsoro ƙwarai, musamman da aka janye labulen gadon da ke kusa da nawa, aka fita da mai shi a lulluɓe. Ita ma idonta rawaya ne.

Likita ta ce ciwon hanta ne, nau'in B, kuma jiƙon ya ƙara wa hantar wahala. Na ce mata ba zai yiwu ba, an gwada ni kwanan baya.

Ta dube ni ta saman tabarau. "Wannan ciwon ya daɗe a jikinki, Hajiya. Duk gwajin da aka yi da gaske zai gan shi."

Kwanciyar asibiti tana ba mutum lokacin tunani. Na fara tuno waɗanda muka yi layi tare. Malam Isuhu mai shayi, wanda kowa ya san suga ta cinye masa yatsa, an ce masa lau. Maman Rahila, abokiyar aikina 'yar kudancin Kaduna, an ce mata lau. Na bi matan unguwa a waya ɗaya bayan ɗaya. Babu wadda aka ce wa ta dawo, babu wadda aka ce wa ta je asibiti.

Unguwa guda, ba mara lafiya ko ɗaya. Ko a Aljanna sai an shiga tukuna.

Ban ga abin da aka yi da jininmu ba, don haka ba zan rantse ba. Amma na ga inda hotunanmu suka je. Fuskata tana jikin fasta a hanyar Kabo, ina murmushi, an rubuta a ƙasa wai an duba lafiyar al'umma.

Honarabul ya zo dubiya da lemo da mai ɗaukar hoto. Na ce mai hoton ya jira a waje.

"Yaya, sannu. Ai da kin kira ni."

"Na zo rumfarka, ai ya fi kira. Ina jinina?"

Ya yi dariyar yaƙe. "Yaya ke nan. Yara ne suka yi aikin, ni ban san kan na'ura ba."

"Ka yi shekaru kana sayar da magani. Akwai abin gwajin a rumfar ko babu?"

Ya gyara hula, ya matso, ya rage murya. "Zumunci fa, Yaya. Ina ba ki shawara, ki bar maganar nan."

Na buɗe masa idanuna da yatsu biyu. Na ce, "Duba nan. Shawara ɗaya ce ta kwantar da ni, ba ni da wurin ajiye ta biyu."

Bai ƙara zuwa ba. Kawu ma ya daina ɗaga wayata.

Alhamdulillahi, idona ya washe, na koma aji. Ƙwaya ɗaya nake sha kullum, kuma likita ta ce kar in kuskura in daina. An gwada maigidana da yara, aka yi wa waɗanda ba su da shi rigakafi. Na gode wa likitata, da Maman Rahila da ta riƙe min ajina, da Inna da ta zubar da tukunyar jiƙon da hannunta.

In idonka ya yi rawaya, asibiti za ka fara zuwa, kar ka taɓa jiƙo. In an gwada ka, ka ce a nuna maka sakamakon da idonka.

Ku kuma da muka yi layi a rumfar nan, don Allah ku sake gwaji. Maman Rahila ta sake. An samu ciwon a jikinta, da sauran lokaci, ta fara magani.

Fastar tana nan har yanzu. In kun wuce ta hanyar Kabo, ku duba idon matar da kyau. Tun a ranar ya fara rawaya.