Ranar da Na Tuƙa Sarkin Yaƙin Teku

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da ranar da na ɗauki tsohon Baturen nan a kwalekwalena ba. Bayan yaƙin Bama ne, ina sabon magidanci a ƙauyenmu na masunta kusa da Auyo, shinkafa ta nuna a fadama.

Saƙo ya zo daga Haɗeja cewa babban baƙo zai shiga ruwa, wai shi ne ya shugabanci jiragen yaƙin Ingila a teku. Nan take gari ya ruɗe. Me mai manyan jirage zai nema a kogin da jaki ke ƙetarewa da rani? Sarkin ruwanmu ya ce, "Masu iya iyo ya zo ɗiba." Ba wanda ya musa, domin a jirgin ruwa aka tafi da yayana yaƙi, ko rigarsa ba ta dawo ba. Samari suka watse cikin ciyayin fadama. Ni aka bari.

"Ɗana, ka sa masa ido," in ji sarkin ruwa. "Kome ya tambaya, ba ka sani ba."

"To, Baba."

Sai ga wani tsoho ranƙwafaffe, da madubin hangen nesa a wuya, tare da tafintansa. Duk inda ya juya madubin, gabana sai ya faɗi, don na san wanda ke kwance a wajen. Tafinta ya ce wai agwagin ƙasarsu yake kallo, masu zuwa mana da sanyi. Na ce a raina, a gaya wa yara.

Muna tafe tafinta yana ba ni tarihinsa: tun bai yi gemu ba ya shiga aikin jirgi, ya yi yaƙi biyu, an nutsar da jirgi yana ciki, da ya tsufa aka sallame shi. Ban san lokacin da bakina ya kuɓuce ba.

"Tambaye shi, ina suka kai yayana?"

"Kana hauka ne?"

"Tambaye shi!"

Tsohon ya saurara, ya cire hularsa. Ya ce bai san yayana ba, amma da bakinsa ya tura mutane da yawa inda ba su dawo ba, har da ɗan cikinsa. Na dube shi da kyau ina neman ƙarya a fuskarsa. Ban gani ba, amma ban yarda ba.

Ya tafi bai ɗauki kowa ba. Duk da haka samari suka ƙi fitowa, wai dabara ce, zai dawo da sojoji. Kafin su yarda su fito, shinkafa ta zube a gona. Shekarar nan mun ɗanɗana yunwa.

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, ban ga laifinmu ba. Amma tun daga ranar na gane cewa zato ma yana cin gona, ko da wanda ake zargi bai taɓa ko zangarniya ɗaya ba.