Na Je Kano Ganin Tsohuwar da Ke Cikin Fim ɗin Jikata

Tashi

Ana idar da sallar asuba ɗana Malam Sani ya ɗora ni a babur, gero na kaɗawa dama da hagu. Jikata Binta, wadda karatu ya kai ƙasar Norway, ta shirya fim da harshen mutanen can, za a nuna shi a Kano. Sani ya karanto mini a waya cewa masu sharhi na can sun kushe tsawonsa, amma kowa na yabon wata tsohuwa a ciki, mai riƙon marainiya. To ni na riƙe Binta a shekarar fari da yunwa, bayan rasuwar iyayenta. Sai ga Hajiya Tabawa, kakarta ta wajen uwa, ta cika gari da cewa ita ce tsohuwar. Abin da ya fito da ni ke nan.

Ɗambatta

Da hantsi muka iso tasha. Kuɗin mota ya ninka na bara. Ina leƙa bas, ga Tabawa a gidan gaba.

"Delu, ke ma za ki je ki gan ni?" in ji ta, tana washe haƙorin Makka.

"Za ni in ga abin da Allah ya nuna mini, Hajiya."

Shinge uku muka wuce, a kowanne sai ta gaya wa ɗan sanda jikarta ta yi fim. Ta raba dabino. Nawa na ƙulle a gefen zane, ban ci ba.

Kano

Ƙarfe biyu, in ji agogon Sani, aka shigar da mu wani ɗaki mai sanyi. Ashe tsohuwar Baturiya ce, garinsu fari fat da ƙanƙara, ko kalma ɗaya ban gane ba. Da ta zauna tana yi wa yarinyar kitso, Tabawa ta zungure ni.

"Kin gani? Ni ke mata kitso!"

Zuciyata ta yi baƙi ƙirin.

Ana nan, ana nan, abinci ya ƙare musu. Tsohuwa ta juye wa yarinya ɗan abin da ke tukunya, ta koma bayan ƙofa da kwanon da babu komai, tana kankararsa da cokali, don yarinya ta ɗauka ita ma ci take.

Tabawa ta tuntsire da dariya. "Wannan tsohuwa ta rikice! Me take kankara?"

"Inna," Sani ya raɗa mini, "saboda wannan wurin aka ba matar kyauta."

Wata huɗu na yi ina kankarar ƙwarya da ludayi a bayan rumbu. Ban taɓa gaya wa kowa ba. Ashe 'yar nan tana leƙe.

Gida

Ana kiran magariba muka sauka. A hanya na kwance dabinon Tabawa na ci, har na yi mata godiya. Baturiyar ce ta tsaya mini a rai. Sau ɗaya ta kankari kwano, duniya na tafa mata, kuma ko yi ba ta iya ba: ƙarar ta yi yawa, kwano mai abinci ba ya ƙara haka. Na ce Sani ya gaya wa Binta, in za ta sake, ta aiko matar in koya mata.

Alhamdu lillahi da ya kai ni ya dawo da ni lafiya.