Labaran Ya Sha Kanwa Kafin Awo

Labaran ɗan kara ne, ubansa ma ɗan kara ne. A gidansu da ke Talata Mafara ba a san wata sana'a ba sai ta shanu da ɗan noman damina. Tun yana saurayi yake takawa da ƙafa zuwa Maradun da Faru, ya koro shanu ta daji ya iso da su kasuwar Talata, ya tsaya a kara tun hantsi har la'asar yana haɗa mai saye da mai sayarwa. A lokacin siriri ne kamar sandar kiwo. In ya dafa ƙugun sa, ya shafa haƙarƙarinsa, ya kama gindin wutsiya, zai faɗa maka naman da za a samu, kuma mahauta ba su cika yi masa musu ba.

Sai aka zo gina dam ɗin Bakolori. Gonar da ya gada wajen Birnin Tudu ta faɗa cikin filin aikin, manyan motoci suka baje ta, aka yi shekaru bai riƙe fartanya ba. A gefe guda kuma ga leburori da direbobi sun cika gari, kowa da albashi, kowa yana son nama. Labaran ya shiga kai shanu ga masu dafa wa ma'aikata abinci. Ya sayi babur, ya daina takawa. Aka kafa masa benci a rumfar mahauta, duk wanda ya yanka sai ya aiko masa da tozo ko ɓargo don gobe ya sama masa dabba mai kyau. Cikin shekara biyar wuyansa ya ɓace. Mutane suna cewa arziki ya karɓe shi, shi ma ya yarda.

Da 'yan kwangila suka tattara suka tafi, ciniki ya koma yadda yake a da, teɓa kuwa ta zauna. Gwiwoyinsa suka fara ƙara. Ƙafafunsa suna kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Aikin kara kuma aikin tsayuwa ne: dillalin da ba ya iya zagaya sa, ba ya iya kaucewa in ya kawo ƙaho, ya gama. Wannan ne abin da ke tsorata Labaran. Mutuwa ba ta cika zuwa masa a rai ba, abin da ke zuwa shi ne ranar Talatar da za a ci kasuwa yana kwance a gida.

Matarsa Kubura ce ta matsa ya je asibiti. Can ya tarar da malamin asibiti, Malam Abdulmumini, wani ɗan Bakura mai tabarau da yawan bayani. Ya ɗaura masa abin awon jini, ya danna masa ƙauri da yatsa, ramin ya daɗe bai cike ba.

"Baba Labaran, mi kaka ci?"

"Abin da Allah Ya hore."

"To Ya hore da yawa. Ƙafafun ga ba za su ƙara ɗaukar wanga kaya shekara uku ba. Za ka rage kitse da gishiri, ka riƙa takawa bakin kanal ɗin ban ruwa da safe. Amma kafin mu fara, sai mun san inda muka tashi. Ka dawo ran Alhamis da sassafe, ciki wayam, riga ɗaya mara nauyi, in auna ka in rubuta a kati. Duk wata mu duba ko ka sauka."

Labaran ya fito yana jin haushi. Shi da ke auna bijimi da ido, yau yaro zai ɗora shi a sikeli kamar buhun shinkafa. Amma yana hawa babur sai hankalin kara ya dawo masa. Duk ɗan kara ya san yadda ake yi wa ramammiyar saniya kafin kasuwa: a ba ta kanwa ta lasa, ƙishi ya kama ta, ta sha ruwa har ciki ya yi tim, mai saye ya gan ta cike. In dai lambar farko ce za a riƙa gwada sauran da ita, to ai sai a cika ta.

Ran Alhamis ya sa Kubura ta jiƙa masa kanwa. Ya shanye, ya bi da ƙwarya guda ta fura, ya ɗora ɗumamen tuwo, ya ƙara ruwa har yana jin motsinsa a ciki in ya taka. Ya sa taguwa biyu, ya rufe da babbar riga.

Kubura tana tsaye tana kallonsa. "Maigida, wa za ka sayar wa?"

"Ke dai kawo hula."

"Na ga an yi wa saniya kwalliya, shi ya sa nika tambaya."

A asibiti Malam Abdulmumini ya dubi rigar ya ce a tuɓe. Labaran ya ce shi ba ya tsayawa gaban mata masu jiran awon ciki da 'yar shara. Malamin ya gaji da gardama, layi ya yi tsawo, ya auna shi haka nan. Kilo ɗari da ashirin da ɗaya. Ya rubuta.

Bayan wata guda Labaran ya koma ciki wayam, da riga ɗaya. Ɗari da goma sha bakwai. Malamin ya yi ta sa masa albarka, har ya nuna katin ga wani tsoho da ke zaune, ya ce ga dattijo mai jin magana. Labaran ya fito yana murmushi, ya zarce rumfar mahauta ya ci balangu. Ko taku ɗaya bai yi a bakin kanal ba.

Wata na gaba ne ya gane inda dabarar ta tsaya. Saniyar da aka cika da ruwa sau ɗaya ake sayar da ita, mai ita ya kama gabansa. Shi kuwa shi ne saniyar, shi ne mai saye, kuma ba shi da inda zai gudu. Babu sauran rigar da zai cire. Don haka bai koma ba. Ya ce wa Kubura sikelin asibitin ya lalace, zai sake farawa a Bakura, inda aka ce an kawo sabo.

Haka ya yi. Ya sha kanwa, ya hau sikelin Bakura, aka buɗe masa sabon kati. Bayan wata ya sauka da kilo huɗu, aka yaba masa, ya ɓace. Daga nan sai Maradun. Da asibitoci suka ƙare sai ya koma sikelin masu sayen shinkafa a lokacin girbin rani, ya hau bayan an sauke buhu, masu dako suna dariya suna tambayar nawa mudu. Awo ya zame masa al'ada kamar cin goro. Kullum yana shirin farawa. Bayan Sallah zai fara, in aka gama girbi zai fara, in zafi ya ragu zai fara, kuma kowane farawa yana bukatar awon farko, kowane awon farko yana bukatar kanwa. Katunan suka taru a cikin gafaka, kowanne da layi biyu kacal. Kanwar kuwa tana ƙara masa kumburi, don ita ma gishiri ce, ba wanda ya tsaya ya gaya masa tunda shi ma bai gaya wa kowa yana sha ba.

Shekara biyu da wani abu ana haka.

Wata Talata da bazara, wani Bafillace daga Morai ya kawo jan bijimi, Labaran yana zagaya shi yana yi wa wani mahauci bayani. Bijimin ya juya kai kawai, bai ma kawo ƙaho sosai ba. A da Labaran zai goce ba tare da ya katse zancensa ba. Ranar ya ce wa ƙafa ta matsa, ta ƙi. Ya zauna daɓas cikin kashin shanu. Mutum uku suka kama shi kafin ya miƙe, kuma da ya miƙe bai iya tsayawa ba. Wani dillali ya ƙarasa cinikin a gabansa. A amalanken shanu aka kai shi gida.

Ya yi kwana tara a kwance. A rana ta goma ya ce zai koma wurin Malam Abdulmumini, wannan karon da gaske, Kubura ta jiƙa kanwa.

"Ban jiƙawa."

"Ke, ni nika magana."

"Na ji. Shekara biyu ina jiƙa maka ciwo da hannuna. In kana so, ga tulu ga kanwa can, tashi ka ɗauko."

Ya dubi nisan da ke tsakanin tabarmarsa da madafa, bai fi taku goma sha biyar ba. Bai tashi ba.

Da safe ta yafa mayafi ta bi shi asibitin, da gafakar a hannunta. Ta zazzage katunan a teburin malamin, ta faɗa masa komai a tsaye, har da taguwa biyun. Malam Abdulmumini ya cire tabarau ya murza ido.

"Baba, ni ka cuta ko wa?"

"Sana'a ce ta bi jiki, ɗana."

"To tuɓe rigar."

Ya tuɓe. Matan da ke layi suka kau da kai. Ya hau da 'yar shara, ciki wayam, yana dafe da bango, malamin ya ce ya saki bangon. Ɗari da ashirin da takwas. Ya wuce har lambar ƙaryar da ya fara da ita da kilo bakwai. Labaran ya daɗe yana kallon allurar sikelin. Bai ce ta lalace ba.

Ya fara a makare. Kubura ta rage gishiri a miyar gidan gaba ɗaya, ta aika wa mahauta cewa duk wanda ya sake aiko da tozo za ta mayar masa. Bayan asuba yakan dogara sanda ya bi bakin kanal, da farko daga gada ɗaya zuwa bishiyar farko, ya zauna ya yi haki, masu ban ruwan shinkafa suna gaishe shi. Duk Alhamis ɗin farkon wata yana asibiti, riga ɗaya, sikeli ɗaya. Wani watan kilo guda, wani watan ba komai. Ba wanda ya ƙara nuna katinsa ga kowa. A shekara ɗaya da rabi ya sauke goma sha ɗaya, ya tsaya nan.

Kumburin ya ragu, gwiwoyin ba su dawo ba. Ya koma kara, amma tsayuwarsa ba ta wuce hantsi. In rana ta ɗaga sai ya ja tabarma gindin wata bishiyar bedi a gefe ya zauna. Tsofaffin abokan cinikinsa kaɗan ne suke janyo dabba har gabansa don ya shafa haƙarƙari ya faɗi ra'ayinsa, sauran sun koma wurin masu ƙafa. Haka ya ci kasuwar Talata na wasu shekaru shida, rabi a tsaye, rabi a zaune. Talata biyu kawai ya rasa kafin rasuwarsa.