Abin da Malam Kalli ya gani a cikin ambulan

Malam Kalli yana sayar da sassaƙe da saiwoyi a kasuwar Nguru. Kafin ciwon baya ya zaunar da shi, shekara goma sha tara ya yi yana tuƙa babbar mota, yana kai busasshen kifi kudu, wani lokaci har Gembu, can kan tsaunin Mambila. An san shi da hali ɗaya: in bai san itace ba, zai ce bai sani ba. Shi ya sa na taso daga Gashuwa na je wurinsa.

'Yata Karima ta rasu a watan Maris, tana aji uku a jami'a. Da muke kwashe kayanta, muka sami ambulan a ƙasan akwatinta, babu rubutu. A ciki akwai wani busasshen abu mai siraran rassa, ruwan toka. Ƙannen mahaifiyarta suka ce sammu ne, suka ambaci Bunmi, yarinyar da suke ɗaki ɗaya. Digirina a lissafi ne, amma na kasa musa musu. Matata Asta ta daina amsa gaisuwar yarinyar, har an sa ranar zuwa wurin iyayenta.

Kalli ya juya abin a tafin hannunsa, ya shinshina, ya jiƙa shi da ruwan buta.

"Malam, sa gilashinka," in ji shi. "Ja wannan reshen a hankali, ba guga kake ja ba."

Na ja. Ɓawon ya tsage, wani farin zare ya bayyana a tsakiya yana miƙewa kamar roba.

"Shi ne. Mu direbobi gemun tsoho muke ce masa. A jikin bishiya yake fitowa, a dajin da damshi ba ya yankewa. A Mambila na san shi. Nan ko fanka ka kunna masa ba zai yarda ya zauna ba."

"Ana cutar da mutum da shi?"

"Ban taɓa ji ba, da na ji da na faɗa maka. 'Yan makaranta dai na sha gani suna tsinkarsa suna naɗewa a takarda. Marigayiyar ta taɓa zuwa can?"

Ta je. Tana aji biyu sashensu na nazarin tsirrai ya kai su, ta dawo da mura da labarin sanyi. Ni na raka ta tasha, amma wata biyu cur ban tuna ba.

Na daɗe zaune a bencinsa. Ya koma auna wa wata mata kanumfari, bai dube ni ba, na kuwa gode masa da hakan. Sannan na kira Asta, na ce ta gaya wa ƙannenta babu inda za a je, in Bunmi ta zo gaisuwa kuma a shimfiɗa mata tabarma.