Katung da Bangon da Doka ta Hana Taɓawa

Katung mutumin Kagoro ne, injiniyan gine-gine, gajere mai ƙarancin magana. Karatu ya kawo shi Amurka, aiki ya zaunar da shi a Fort Washington da ke jihar Maryland tare da matarsa Martina, wadda take nas, da 'yarsu Olive. 'Yan cocinsu kan yi masa tsiya cewa ko gaisuwa ya je, sai ya ƙwanƙwasa bango ya ji lafiyarsa kafin ya tambayi ta mai gida.

A farkon 1989 kamfaninsu ya tura shi wata ƙaramar ƙasa, tsibiri a tekun Karebiyan, ya duba tsofaffin gine-ginen da gwamnatin can ta sa cikin wuraren tarihi. Babbansu wani sansanin dutse ne da bayi suka gina wa Turawa a kan tudu. A gindin tudun akwai gidajen masunta na katako da kwano, inda yake cin abincin rana wajen Selina, wata tsohuwa mai suyar kifi.

Bangon sansanin da ke saman gidajen ya yi ciki. Katung ya zura hannu a wata tsaga, ya shige har gwiwar hannu, ya fito da jiƙaƙƙiyar ƙasa, alhali an daɗe ba a yi ruwa ba.

Ya sami jami'in da ke kula da wuraren ya ce, "A sauke saman bangon nan kafin lokacin iska."

"Doka ta hana a ɗaga ko dutse ɗaya sai kwamiti ya zauna."

"Yaushe zai zauna?"

"Zai zauna."

Da ya gaya wa Selina, dariya ta yi. "Ɗana, a ƙarƙashinsa aka haifi kakata. In iska ta taso ma, jikinsa muke fakewa."

Ya dawo Maryland da abin a ransa. Kullum yana buga waya tsibirin, kullum amsar ɗaya. Cikin Satumba Martina ta dawo daga aikin safe ta iske shi tsaye gaban talabijin, ko takalmi bai cire ba. Ana nuna guguwa, wani farin curi yana juyawa a kan teku, ya doshi tsibirin.

"Baban Olive, zauna mana. Ka faɗa musu, ka fita haƙƙinsu."

"Faɗa ba ya tokare bango," in ji shi.

Ya sake ɗaukar waya. Ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba, can sai layin ya mutu.

Sai bayan kwanaki labari ya iso. Rabin bangon ya rufto, Selina da maƙwabtanta da suka fake a jikinsa suna ƙarƙashi.

Kwamiti ya zauna. Ya nemi Katung ya koma a mayar da kowane dutse mazauninsa, yadda yake a da. Martina ba ta so ba, amma ya tafi, don yana son ganin rabin da ya rage. Ya iske shi ma ya karkata, masunta kuwa suna kafa sababbin gidaje daidai gindinsa, domin babu wani filin da za su je.

Haka ya ci gaba da kai da kawowa tsakanin Maryland da tsibirin, izinin sauke bangon bai fito ba. Gashinsa ya yi furfura. Martina ta ce ko tuƙi yake, da rediyo ya ambaci iska a teku, sai ya gangara gefen titi ya kashe mota, ya kasa kunne.